Ɓarawon da Ya Goge Tsatsa

"In ba shi ba ne, to wane ne? Ni ce?" in ji Anti Nanret, ta kifa murfin tukunya a kan tebur. "Mutumin da sana'arsa ke nan, tsintar ƙarfe. Ka ba kura ajiyar nama, sa'an nan ka dawo kana tambayar wa ya ci."

"Ban ba shi ajiya ba," in ji Baba Nicodemus. "Makulli na ara masa ya gyara matakala."

"Ai shi ne. Ya gyara matakala don ya ji daɗin saukowa da kaya."

Aka kwashe da dariya a ɗakin cin abinci na coci, har da waɗanda bakinsu ke cike da shinkafa.

Abin da ya faru, da safiyar Lahadin nan kafin a shiga sujada, Baba Nicodemus ya hau ɗakin sigina don ya buɗe tagogi kamar yadda ya saba, ya tarar ƙararrawa ba ta nan. Ɗakin sigina wani tsohon gini ne na jan bulo, siriri, mai hawa biyu, a bakin layin dogo, can ƙarshen filin da mutanenmu suka saya a East Greensboro suka mai da tsohon sito coci. Dā daga samansa ake juya wa jiragen ƙasa hanya. Yanzu jirage na wucewa ba sa ko gaishe shi. Ƙararrawar ta tagulla ce, ba ta fi ƙwaryar shan kunu ba, a kafe jikin wani ɗan akwatin katako, da ita ma'aikatan dā ke sanar da juna ga jirgi nan tafe. Ba wanda ya taɓa damuwa da ita a cocin nan. Da ta ɓata kuwa, sai kowa ya zama ɗan uwanta.

Jerry, sakataren ikilisiya, ya share baki da takarda. "Baba, masu kula da kayan tarihi na gari za su zo duba ginin nan ƙarshen wata. Abu na farko da suka tambaye ni a waya ƙararrawar nan ce. I have to call the police."

Wanda ake zargin, Mashood, mutumin zangon Kumasi ne, Musulmi, yana yawo da a-kori-kura yana kwashe matattun firji da tsoffin ƙarafa. Takardunsa na zama suna hannun hukuma ana dubawa. Kowa ya san haka, tun da Anti Nanret ta sani. Ranar da sunansa ya shiga bakin 'yan sanda, ko da yamma aka sake shi, takardun nan sun ji ciwon da ba sa warkewa.

Mama Zipporah, shugabar zumuntar mata, tana gefe tana ba mijinta Baba Elnathan abinci a baki, don tsufa ya kwashe masa tunani, ko cokali ba ya gane amfaninsa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ni dai ban ce shi ba ne. Amma kwaɗo ba a karya shi ba."

Maganar nan mai laushi ta fi duk ihun Nanret illa.

"A ba ni zuwa Lahadi mai zuwa," in ji Baba Nicodemus.

Jerry ya dubi wayarsa, ya dubi furfurar tsohon. "Zuwa Lahadi, Baba. Bayan sujada zan kira."

*

Wanda bai san Baba Nicodemus a gida ba zai ce tsoho ne mai son sa baki. A ƙasar Langtang kuwa, in an kore wa mutum shanu, gidansa ake fara zuwa kafin a je wurin mai gari. Yakan tsuguna ya dubi ƙasa ya gaya maka ɓarayin su nawa ne, wanne ke ɗingishi, wanne ya sha burkutu kafin ya fito. Da matarsa ta rasu, 'yarsa Celina ta ɗauko shi ta ajiye a Pleasant Garden, inda ko ihu ka yi maƙwabci ba zai ji ba, kuma ba mai taka ƙasa, daga mota sai cikin gida. Wuni yake yi yana bin sawun barewa a bayan gida, ya dawo ba wanda zai gaya wa inda ta nufa. In ya yi wa jikoki Hausa su ce, "Okay, Grandpa," su mai da abin kunne. Mashood kaɗai ke zuwa kowace Alhamis ya ɗauke shi, su hau ɗakin sigina da fulas ɗin shayi, suna kallon jiragen kaya, suna musun wane ne a cikinsu ya fi ɓata Hausa.

Ran Litinin Celina ta sauke shi a coci a kan hanyarta ta zuwa aiki. An yi ruwa ran Alhamis da ta wuce, jar ƙasar nan tasu kuwa tana riƙe sawu kamar ta gida. Amma ikilisiya duka ta zo kallo jiya, masu ƙwas-ƙwas da masu kambas, sun tattake gindin matakala kamar an tashi kasuwa. Sai can gefe, ƙarƙashin indararo, ya sami sawu guda lafiyayye: ƙaton takalmin but, dunduniya ta cinye ta waje. Ya karyi tsinke daidai tsawonsa ya sa a aljihu.

A sama ya tsaya bakin ƙofa bai shiga ba tukuna. Jiya tashin hankali ya hana shi gani. Sandunan ƙarfen nan da ake ja a juya layi, waɗanda 'yan reluwe ke kira liba, suna jere kamar sojoji. Tun da aka ba shi makulli duk jajaye suke da tsatsa. Yau hannayen waɗanda ke kusa da taga suna ƙyalli, an goge su sosai, gugar mai haƙuri. A kan ɗaya kuma ga wani tsumma an ninke shi ta tsawo an rataya, gefe da gefe daidai. Yanki ne na zanen zumuntar mata.

Ya taɓa bin ɓarawon da ya sa takalmi baibai don a ɗauka gabas ya yi alhali yamma. Bai taɓa bin wanda ya tsaya ya yi wa mai gida shara ba.

Ya ƙetara layi zuwa gidan Mis Odesa, wata tsohuwa baƙar Ba'amurkiya da ke wuni a baranda, ita ce ta yi ta kai da kawo har masu tarihi suka yarda za su zo. Da Turancinsa na mishan da nata mai jan wutsiya suka lallaɓa.

"Ubana ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar katakon layin nan," ta ce. "Matakalar can ba ya hawanta sai da buhun gawayi a ka, ya ajiye wa fararen fata a bakin ƙofa ya sauko. Irinmu ba ma zama a sama a zamanin. Amma daga ƙasa, in ƙararrawa ta buga, zai gaya maka wane jirgi ne. Bara da ka buɗe mini na hau, ni ce ta farko a gidanmu da ta zauna a kujerar ɗakin." Ta dubi ginin. "In aka rushe shi, ina zan nuna wa jikokina in ce nan ne?"

Ya tambaye ta ko ta ga wani. Ta ce ran Juma'a ta ga mai a-kori-kura. Ran Asabar da rana kuma ta ga wata farar Toyota, mutum biyu suka fito, amma tabaranta na cikin ɗaki.

Farar Toyota. Da ta ce masa ɓarawon yana da hanci, da ta fi taimakonsa. Rabin cocin nan ita suke ja.

*

Ran Laraba mata suka zo koyon waƙa. Ya tare su a kicin ya zaro tsumman ya tambaya ko zanen wace ce ya yage.

Anti Nanret ta ajiye tulun kiɗan da take kaɗawa. "Baba, zanina kake tambaya? Matarka ce ta rasu, ko kunya ma ta bi ta?"

Mata suka yi ta shewa. Wata ta jawo kwando ta nuna masa: duk tsummokaran kicin ɗin na tsohon zanen zumunta ne, tun da aka yi sabo. Kowa na ɗiba, har shi da kansa da shi yake goge tagogi.

Da ta gama cin mutuncinsa, Nanret ta ja shi gefe, don ba ta iya barin mutum ya tafi hannu banza. "Ni ba ruwana. Amma ka tambayi Jerry wa ya ce bara a rushe ginin nan a ƙara wurin fakin. In babu ƙararrawa, babu tarihi. In babu tarihi..." Ta share hannu da hannu. Kwana kaɗan baya Mashood ne ɓarawonta. Ita dai kada a rasa.

Jerry bai musa ba. "Na faɗa, Baba, kuma har yanzu ran Kirsimeti mutane a kan titi suke faka mota. Amma in an ce ginin tarihi ne, gari zai taimaka da rufi, sunan cocinmu ya fita. Me zai sa in yanke reshen da nake kai?" Ya juya masa waya. Ga shi nan ran Asabar a biki a Charlotte, cikin babbar riga, yana wata rawa da bai kamata matarsa ta gani ba.

"Makullin da ke ofis fa?"

Jerry ya nuna ƙusa a bango. Makulli na biyu na rataye a wurinsa. "Ofishin nan kamar tasha yake. Duk wanda ke kwamiti yana shiga."

*

Alhamis ta zo, ya yi wanka, ya cika fulas, ya zauna bakin taga. Motoci suka yi ta wucewa can nesa, ba a-kori-kura. Da rana ta karkata ya roƙi Celina ta kai shi.

Mashood na tsakar gida yana kwance wani injin wanki. "Ɗan tsoho, ka zo kama ni?" Ya yi dariya, amma dariyar ba ta hau ido ba. "Sadia matata ya ce kar in taka wurinku. Ya ce har a shagon kayan miya ana nuna shi da baki." Hausar zango ke nan, ba ta san mace ba.

"Ka je wurin ran Juma'a?"

"Na je. Matakin ƙasa ne ke rawa, na ɗaure. Ban hau sama ba, wallahi. Me zan yi a sama ba kai ba shayi?"

Wayarsa ta yi kiran la'asar. Ya cire but ɗinsa a bakin ƙofa ya shiga.

Baba Nicodemus ya yarda da shi. Har ga Allah ya yarda. Amma mai bin sawu ba ya tambayar baki ya tsaya nan, tun yana yaro aka koya masa ƙasa ce ba ta ƙarya. Ya duƙa ya kifa but ɗin, ya zaro tsinkensa ya ɗora. Daidai, har cin dunduniyar. Sawun nan kuwa a gefen matakin ƙasa yake, inda mai gyara zai tsaya. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ƙafarsa ta kai shi bayan mota, hannunsa ya ɗaga tamfol. Ƙofar firji, guntayen famfo, wani tsohon keke. Ba ƙararrawa.

Da ya juyo, labulen kicin yana motsi.

Mashood ya fito suka sha shayin a tsaye. Sadia ba ta fito gaisuwa ba. A mota Celina ta ce, "Daddy, lafiya?" Ya ce lafiya, ya juya kai yana kallon itatuwa.

*

Ran Asabar ba shi da komai a hannu sai tsumma da tsinke. Celina ta dafa gwate za ta kai wa Mama Zipporah, ta ce ya zo ya raka ta maimakon zama yana kallon bango.

Mama Zipporah da mijinta suna zaune ne a hawa na biyu a ɗaya daga cikin gidajen nan na Wendover masu kama ɗaya, ƙarar motoci kamar kogi a damina. 'Ya'yansu suna wasu jihohi, suna kira ran Lahadi. Mama Zipporah ta buɗe ƙofa rabi, ta karɓi kwano, da ba don Celina ta riga ta sa ƙafa ba da a nan za a yi sallama.

Baba Elnathan na kujera, an yi masa aski, idonsa a buɗe tar. Baba Nicodemus ya san shi a matsayin tsohon ɗan reluwe daga Kafanchan, amma tsofaffin Kafanchan wane ne bai yi reluwe ba? Tun zuwansa ƙasar nan bai taɓa jin ya haɗa magana biyu ba.

"Zipporah," in ji tsohon, "ba baƙi ruwa."

Celina ta dafe ƙirji. "Mama, ya kira sunanki."

"Yakan yi wani lokaci," ta ce, ta shige kicin da sauri.

Ɗakin ya yi zafi. Baba Nicodemus ya fita ɗan barandan ya dafa ƙarfen da aka kewaye shi da shi, yana kallon motoci. Sai ya ji an buge masa hannu.

"Cire hannunka. Gumi ke cin ƙarfe. Wa ya koya maka aiki?"

Baba Elnathan ne a bayansa. Ya zare wani tsumma daga kafaɗa, ya goge inda aka dafa a hankali, sama da ƙasa. Da ya gama ya ninke tsumman ta tsawo, ya rataya a kan ƙarfen, ya ja gefe ɗaya har ya yi daidai da ɗayan.

Baba Nicodemus ya daɗe yana kallon tsumman nan.

Da za su tafi ya bari Celina ta yi gaba. "Mama, wane irin aiki Baba ya yi a reluwe?"

"Aikin reluwe."

"Gobe Jerry zai kira 'yan sanda. Mutumin nan yana da mata da 'ya'ya."

Ta dube shi ido cikin ido. Fuskarta duk gajiya ce, irin ta wanda ya manta yaushe rabonsa da barci. "In ba shi da laifi, Ubangiji zai fid da shi. Ka gai da gida."

*

Bayan sujada ya ce kafin a taɓa waya, kwamiti ya biyo shi ɗakin sigina. Ya riga ya roƙi Mashood ya zo, ya kuwa zo, yana jingine da motarsa can nesa da sauran. Mama Zipporah ta ce ita ƙafarta ba ta hawan matakala, za su wuce gida. Amma Baba Elnathan ya riga ya hango ginin. Ya zare hannunsa daga nata ya nufi can da sauri kamar wanda ya makara aiki. Ba yadda za ta yi, ta bi shi.

Suka cika ɗan ɗakin, Jerry da Anti Nanret da dattawa biyu, Mashood a bakin ƙofa. Baba Nicodemus bai so abin da zai yi ba. A gida ba a kafa tarko da maras lafiya. Amma ya ba matar nan hanya jiya ta ƙi bi.

"Wanda ya ɗauki ƙararrawa ya goge hannayen nan, ya bar wannan a rataye." Ya mai da tsumman inda ya same shi. "Mashood, in kana son ƙarfe, gogewa kake yi?"

"Aunawa nake yi," in ji Mashood.

"Jerry, ja mini wannan liba in gani."

Jerry ya naɗe hannun riga ya damƙi ƙarfen da hannu biyu.

"Kai," in ji Baba Elnathan, da wata murya da ba wanda ya san yana da ita. "Sake shi. Ɗakin sigina ne nan ko kasuwar Kagoro?" Ya ture Jerry, ya ɗauki tsumman ya lulluɓe hannun libar, ya kafa ƙafa ɗaya gaba ya ja da dukan jikinsa. Ƙarfen ya yi ƙara ya taho. Ya miƙa hannu kan kantar da ƙararrawa take, ba tare da ya duba ba. Yatsunsa suka sami katako. Ya laluba, ya sake lalubawa.

"Zipporah, mun bar ta a gida. Na gama wanke ta, me ya sa ba ki tuna mini ba? Jirgin Jos na tafe, ba a ba shi hanya ba."

Kowa ya juya ya dubi Mama Zipporah. Har Anti Nanret.

Mama Zipporah ta zauna a kujerar nan guda. "Tun yana saurayi a ɗakin sigina yake, har ya yi ritaya," ta ce. "Kullum muka zo coci sai ya tsaya yana kallon ginin nan. Ran Asabar da kuka tafi biki na ɗauki makulli na kawo shi, na ce ya gani ko zai ji sanyi. Ya yi ta guga yana mini hira. Hira, Jerry. Ya tambaye ni yara. Da za mu tafi ya ce ƙararrawa ta yi datti, sai ya kai ta gida ya wanke, ya ƙi saukowa sai da ita. Na ce Litinin in mayar." Ta goge ido da bakin ɗankwali. "Da safe ya buga ta ya ce, Zipporah, kawo shayi. Tun bara yake ce mini sista, ya ɗauka nas ce. Wane ne a cikinku zai mayar?"

"Da kin faɗa, Mama," in ji Jerry.

"In faɗa yara su ji na bar ubansu ya hau wannan ruɓaɓɓen bene? Sun daɗe suna neman dalilin kai shi gidan tsofaffi."

"Shi fa?" Baba Nicodemus ya nuna bakin ƙofa.

Ba ta dubi wurin ba. "Na ce za su yi masa tambayoyi su sake shi. Ai ba za su sami komai ba."

Jerry ya sa wayarsa a aljihu. Ya ce maganar ta mutu a ɗakin nan, a dawo da ƙararrawa kafin masu tarihi su zo, kuma duk ranar da Baba ya so zuwa a buɗe masa. Anti Nanret ta riga ta rungume Mama Zipporah tana kuka fiye da mai kukan, tana cewa ita dama jikinta ya ba ta akwai wani abu. Dattawa suka ce a yi addu'a. Aka rufe ido, aka roƙa wa Baba Elnathan lafiya, aka roƙa wa Mama ƙarfi, aka gode wa Ubangiji da ya tona gaskiya ba tare da an ji kunya a waje ba. Aka ce amin.

Da aka buɗe ido Nanret ta tuna akwai mutum a bakin ƙofa. "To, Mashood, ka ga Allah ya wanke ka. Akwai sauran shinkafa a kicin, ka ɗiba wa yara."

Mashood bai ko kalle ta ba. Baba Nicodemus ya matsa kusa da shi, zuciyarsa ta yi sanyi rabonta da haka tun Lahadi. "Ka gani? Na ce maka ka zo."

"Na gani. Ka iya aikinka, Baba."

Bai taɓa ce masa Baba ba.

"Waɗannan ban damu da su ba," in ji Mashood a hankali. "Ba su taɓa shan shayina ba. Amma Sadia ya gan ka. Ina kan sallaya, na rantse maka da Allah, kai kana auna takalmina da tsinke. Ka ɗaga tamfol ɗina a cikin gidana."

"Haka ake aikin. Ko ɗana ne sai na auna. Don in fid da kai na yi."

"Tsohuwar nan fa, ka auna nasa?"

"Jiya na je gidanta na yi mata magana," in ji Baba Nicodemus.

"Tsohuwar ka je ka roƙe shi a ɓoye, don kar ya ji kunya. Ni ka bincike ni kamar akuyar sata." Ya gyara hularsa. "Ran Alhamis kar ka cika fulas."

"Mashood, tsaya mana."

Baba Elnathan ya juyo daga wurin liba, tsumma a hannu. "Mai fita ya rufe ƙofa, iska na shigo da ƙura."

Mashood ya fita, ya jawo ƙofar ya buga ta har gilasan tagogi suka amsa.